Ni Na Wanke Hotunan Tsafe

Abin da ya sa na ɗauki biro a wannan shekarun, magana ce da na ji ranar sunan ɗiyar autata Dije. Na idar da la'asar ina zaune kan darduma, sai na jiyo ta taga wata daga dangin babanku tana ba baƙi labari, wai ai Hajiya Saude ce aka ba gona a Kekun Waje ta ce ba ta so, tsohon ƙarfe take so. Aka yi dariya. Ta baƙi ba ta dame ni ba. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce ta babban wanku, don na san muryarsa ko a cikin taro. Ban fito ba, ban ɓata wa kowa biki ba. Amma tunda 'ya'yan da ƙarfen nan ya ciyar sun fara taya mutane dariya, gara ku ji yadda aka yi daga bakin wadda aka yi da ita.

Babanku mai hoto ne, wannan kun sani. Shagonsa na kusa da tasha a Gusau, amma can ɗauka kawai yake yi. Wanki a gida yake yinsa, a Damba, cikin ƙaramin ɗakin da ke jikin madafa, wanda ya toshe tagarsa da kwali da tsohon bargo har rana tsaka ba ka ganin tafin hannunka. Shekarar da ta biyo bayan ba mu jiha aiki ya yi masa yawa. Kowa na neman aikin gwamnati, kowa na son fasfo, ga bukukuwa, ga sababbin masu muƙami da ke son a rataya su a bango. A cikin wannan kakar ce na lura kwandon sharar ɗakin yana cika da takardun da suka lalace, wasu fari fat, wasu baƙi ƙirin. Mutumin da ko gutsuren takarda ba ya yarwa. Wata rana da hantsi ina tankaɗe ya fito, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da jiƙaƙƙen hoto, ya miƙo mini.

"Saude, duba mini. Akwai ido a fuskar nan?"

Na duba. Babu ido, babu hanci, sai hula da riga da wani baƙin dunƙule a tsakaninsu. Na gaya masa. Ya zauna kan turmi, ya ce likita ya faɗa masa tun bara, ciwon suga ne ya taɓa masa ido. Da rana yana ganin mutum, ya san inda zai tsayar da shi, shekara da shekaru sun koya wa hannunsa sauran. Amma da ya shiga ɗakin nan ya kunna jar fitila, shi ke nan, kamar an jefa shi rijiya.

"In aka ji mai hoto ba ya gani, an rufe shagon," in ji shi. "Wannan ma da sauƙi. Kada Inna ta ji. Ta ja Baba da sanda har ya bar duniya, ba za ta iya ɗaukar na biyu ba. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa. Washegari ya shigar da ni ɗakin da na yi shekara goma sha ina share bakin ƙofarsa ban taɓa taka cikinsa ba.

Ƙarfen da ake yi mini dariya a kansa sunansa inlaja. Dogon inji ne mai kai kamar tukunya a jikin sanda, da fitila a cikin kan. Ana sa filim a ƙarƙashin fitilar, haske ya ratsa shi ya sauko kan katako inda aka shimfiɗa takardar hoto, sannan a tsoma takardar a farantan ruwan magani hoto ya bayyana. Tsoma takarda kowa zai iya. Aikin yana ga tsawon lokacin da za ka bar hasken a kanta. In ya gaza, mutum ya fito a koɗe kamar kunun da aka cika wa ruwa. In ya zarce, ya ƙone. Agogon injin ya daɗe da mutuwa, da baki babanku yake ƙirga, ni ma haka ya ce in yi. Sai dai ni in na tsorata ƙirgata gudu take, in na gaji ta ja ƙafa. Ya saurare ni kwana biyu, ya ce in daina tunanin lamba in tuna daka, ba lugude ba, dakan mace ɗaya wadda babu mai jiran ta. Daga ranar, duk lokacin da na danna makunni sai in ji taɓarya na sauka a cikin kaina, ƙirgar ta zauna.

Bai taɓa yarda da kintace ba. Kafin a taɓa cikakkiyar takarda sai an yanki siririya an yi gwaji: a rufe ta da kwali, a buɗe gefe a ba shi haske, a ja kwalin a ƙara, a ja a ƙara, har ta fito kamar matakala, daga mai haske zuwa mai duhu. Sai in kai ta ƙarƙashin fitila in zama idonsa. Yana tsaye a bayana yana tambaya.

"A wane mataki kika ga ƙwayar ido? Aikin wuyan rigar fa, ya fito ko yana nan fari?"

In na ce jiya ma irin wannan muka yi, mu ba shi lokacin jiya mana, sai ya ce jiya ta tafi da wutarta. Gaskiyarsa. Wutar lantarki takan yi sanyi fitilar ta koma ruwan ɗorawa, lokacin da ya isa da safe ya gaza da azahar. In aka ɗaga kan injin don a girmama hoto, haske ya bazu ya yi rauni, sai an ƙara. Kowane filim da halinsa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne mutanenmu da farin kaya. Baƙar fuska nan da nan take ƙoshi da haske, farar riga kuwa ba ta ƙoshi da wuri, lokacin da zai fitar da aikin riga shi zai kashe fuska. Sai ya ba ni wani ɗan kwali zagayayye a bakin waya. In fuska ta sami rabonta, in tare mata hasken da shi, ina kaɗa hannu a hankali don kada gefe ya nuna, riga kuma ta ci gaba da sha. Yakan ce mutum fuskarsa ya zo gani, amma rigar ma arowa ya yi, yana so a san ya sa ta.

Haka muka yi fiye da shekara. Ku tafi makaranta, in ɗora tukunya, in shiga ɗaki. Da bazara gumi har cikin ido, ruwan maganin ya yi ɗumi sai na sa farantin cikin ruwan randa. Faratana suka rine suka koma ruwan ƙasa. Daga baya ma ya daina tsayawa a bayana, sai ya ajiye mini filim ya koma shago. Mutane suna ta yabon hannun Malam, wai ya ƙara kyau. Yakan dawo ya gaya mini yana murmushi, ni ma in ji daɗi, don ban taɓa jin an ƙwace mini komai ba. Asirin gidana nake rufewa.

Ƙarshen damina baffanku Alhaji Labbo, wan babanku da ke sayar da hatsi a Tsafe, ya kira shi ɗaukar bikin ɗiyar wani amininsa. Na ce kada ya je, akwai gyambo a ƙafarsa da ya ƙi warkewa. Ya ce ba a ce wa Yaya a'a. Ya je ya wuni a tsaye cikin rana, ya dawo da zazzaɓi. Ƙafar ta kumbura, aka kai shi asibiti, bai fito ba. Ba zan tsaya a nan ba, har yau ba na iyawa.

Ina cikin takaba dangin amarya suka aiko, da ladabi, suna tambaya ko hotunan sun tsira. Na buɗe jakarsa, ga finafinan nan yadda ya naɗe su. Na yi tunani. Yarinya sau ɗaya take auren fari, aikin kuma amana ce da ya ɗauka bai sauke ba, ban so ta bi shi kabari. Ba fita zan yi ba, ba ado zan yi ba, ɗaki ne a cikin gidana. Na shiga na yi su. Sun wahalar da ni, don ranar idonsa da jikinsa duk ba su tare da shi, wani filim ya yi kauri wani ya yi siriri, kusan kowane hoto sai da na yi masa gwajinsa daban. Amma sun fito. Na ba wani direba maƙwabcinmu ya kai Tsafe, na ji wani nauyi ya sauka daga kaina. Ba a yi mako biyu ba maƙwabciyata Kulu ta shigo, ta zauna tana ta murza bakin zane.

"Saude, gara ki ji daga bakina. Ana cewa a Tsafe matacce ba ya wanke hoto. Wai akwai namijin da ke shigo miki."

Ku tsaya nan ku yi tunani, ku da kuka girma kuka yi aure. Mace tana takabar mijin da ta yi jinya, tana kwana da marayu huɗu, ta sauke masa amana, ladan da ta samu ke nan. Kuma ba a bakin 'yan tasha maganar ta tashi ba. A zauren baffanku ta tashi, mutumin da ya sa ƙanensa tsayuwar da ta kwantar da shi. Bai zo ya tambaye ni ba, bai aiko matarsa ba. Ya bar maganar ta yi ta yawo daga Tsafe zuwa Bungudu har na fita takaba.

Aka taru rabon gado a Bungudu, gidan Inna kakarku. Liman na zaune da dattawa biyu a rumfa, ni da Inna muna bakin ƙofar ɗaki. Aka lissafa gida, da gonar Kekun Waje, da kayan shago, waɗanda Alhaji ya ce ya riga ya samo musu mai saye. Ya ce tumunin takabata a yankar mini a gona, shi zai riƙa noma mini. Sannan ya gyara zama ya ce kafin a shafa fatiha akwai magana.

"A tambaye ta, wa yaw wanke hotunan Tsafe?"

Na ce ni ce.

Wani daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya. Alhaji bai yi dariya ba.

"Ke? Awo. To mi zai sa mai hoto da idonai biyu shi koya ma mace aikinai? Ki faɗi sunan mutumin. In ba ki faɗi ba, ɗiyan ƙanena ba su ƙara kwana gidan ga. Tsafe zan kai su."

Ba na so ku ɗauka maganar suɓuce mini ta yi. Na san abin da nake yi. Na dubi Inna, tsohuwa tana jan carbi, na tuna alkawarin da na yi a gaban turmi. Na kuma tuna Dije da ko yaye ba ta daɗe da yi ba. Wanda na yi wa alkawari ya tafi inda kunya ba ta isa, ku kuwa kuna nan. Na ce Malam ya fi shekara ba ya gani a ɗakin duhu, suga ya ci idonsa, duk hoton da ya fita daga shagon nan tun bara hannuna ne ya wanke shi, har wanda Alhaji ya rataya a zaurensa.

Carbin Inna ya tsaya.

"Mi kic ce? Ɗana makaho?"

Na ce ba makaho ba, Inna, idon ne ya yi rauni, shi ya ce kada a gaya miki. Ta juya mini baya. Ta ce ta ga masu tona asirin rayayye, yau ta ga mai tona na wanda ke cikin ƙasa don ta wanke kanta.

Na miƙa hannuwana na nuna musu faratana. Alhaji ya ce lalle ne. Na ce to ga Damba nan, ba nisa, a zo a tsaya a kaina in wanke hoto a gaban kowa. Ya ce shi ba zai shiga ɗaki mai duhu da matar ƙanensa ba. Na ce ya turo matarsa. Ya ce mace me ta sani da za ta shaida. Kun ji irin shari'ar da aka yi mini: an tuhume ni, na kawo hujja, an ce hujjar ba ta shiguwa. Allah ya saka wa limamin nan. Shi ne ya ɗaga hannu ya tambayi Alhaji ko yana da wanda ya ga namiji ya shiga gidan da idonsa. Babu. Ya ce to a kiyayi harshe, ƙazafi ba ƙaramin abu ba ne, yara kuma su zauna wurin uwarsu. Sannan ya tambaye ni ko na yarda da yankin gonar.

Na ce ban yarda ba. A ba ni inlaja da farantanta da ƙaramar kyamara, a bar gonar.

Ga dalilina, tunda shi ake yi wa dariya. Gona tana Kekun Waje, ni ina Gusau da yara a makaranta. Wanda zai noma ta ya auno mini abin da ya ga dama shi ne mutumin da ya gama zubar mini da mutunci a gaban surukata. Kowace kaka sai in aika Tsafe in jira, in gode. Injin kuwa na san abin da zai ba ni, don na san abin da hannuna zai ba shi. Rabonku na gonar ban taɓa shi ba, yana nan wurin baffanku har kuka girma kuka karɓa, ku ne shaida. Nawa na bari, kuma nawa ne.

Ba zan ce muku an sha daɗi ba. Masu hoton tasha da na yi zaton za su riƙa kawo mini wanki, yawancinsu ba su zo ba, wani don maganar da ya ji, wani don ba zai yi sallama da mace a kan sana'a ba. Mata ne suka tsayar da ni. Akwai matan aure da yawa a Damba da cikin gari da ba su taɓa yin hoto ba don ba za su zauna gaban namiji ba. Na riƙa shiga gidaje da kyamara a cikin mayafi, amare, masu jego, tsofaffi masu shirin Makka da ke son fasfo. Na san yadda zan fitar da fuskar baƙar mace a cikin farin hijabi har mijinta ya tsaya yana kallo. Da wannan aka ci tuwo a gidan nan, da shi aka ɗinka muku kayan makaranta. Gaskiya ne bayan 'yan shekaru hoto mai launi ya cika gari, injina masu yin komai da kansu suka zo, inlaja ta koma kusurwa na lulluɓe ta da zane. Masu dariya daga nan suke fara labarinsu. Shekarun da ke gaban wannan, lokacin da kuke ƙanana kuna bukatar a ciyar da ku kowace safiya, ba sa ba da labarinsu. Alhaji kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini yi haƙuri ba. Na yafe masa don ina son a yafe mini, amma yafiya ba ta ce in yi ƙarya a kan abin da ya yi ba.

Saura Inna. A ƙarshen filim na bikin Tsafe akwai hoto ɗaya da ban ba kowa ba. Wani ya karɓi kyamarar ya ɗauki babanku, yana tsaye cikin rana da farar riga, hula ta yi wa fuskarsa inuwa. Mai hoto ne amma ba shi da hoton kansa na kirki, wannan ne na ƙarshe. Na daɗe ban iya sa shi a inji ba. Da na sa, na ɓata takarda ba kaɗan ba, don fuskar kusan babu komai a jikin filim ɗin, ƙiftawar ido kaɗai take so, rigar kuma tana son ninkin haka sau da yawa. Na yi ta tarewa ina kaɗa hannu har na same shi yadda na san shi. Na sa a gilashi, da ƙaramar salla na shiga motar Bungudu.

Na same ta a rumfa tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na ajiye hoton a gabanta. Ta share hannu a zane ta ɗauka, ta matso da shi, ta nesanta, ta fita da shi bakin rumfa inda haske yake. Ta daɗe. A hoton yana murmushi, amma idonsa bai sami kyamarar ba, ya ɗan zarce gefe, kamar mai sauraron inda murya take fitowa. Ni na saba da wannan kallon har na daina lura da shi. Ita ba ta bukaci a nuna mata ba.

"Haka idon ubanai yay yi," ta ce.

Na ɗauka yanzu za ta ce ashe gaskiya na faɗa. Ta rungume hoton a ƙirji, ta dube ni, karo na farko tun ranar rabon gado.

"Da kin bari na mutu ban sani ba."

Amsa tana bakina. Na so in ce mata da ɗanta Labbo ya bar ni, da ta mutu ba ta sani ba. Na dubi tsohuwa riƙe da ɗanta a gilashi, na haɗiye. Ta shige ɗaki da hoton ta saki labule. Na zauna a rumfa har inuwa ta juya ba ta fito ba, na ƙarasa ɓare mata gyaɗar, na rufe da faifai, na tafi tasha.